Ina da aiki, amma kullum ji nake kamar an sallame ni

Assalamu alaikum. Malam, ni magidanci ne a Kano, shekarata 37, da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ina da difloma a fannin lantarki, kuma shekara tara ke nan ina kula da inji a wata masana'antar robobi a Sharaɗa. Da can kwana shida muke yi a mako. Wata bakwai da suka wuce aka tara mu aka ce kasuwa ta tsaya, wuta da dizal sun yi tsada, don haka za a riƙa kiranmu kwana biyu ko uku a mako, a biya mu gwargwadon kwanakin da muka shiga. Sai da daddare ake turo sunayen masu shiga gobe ta WhatsApp. Albashina da yake kai wa naira 95,000 yanzu da ƙyar yake haura 45,000.

Ban faɗa wa matata ba. Kullum da safe sai in shirya, ta zuba min abinci a kula, in hau adaidaita in tafi ko da ba a kira ni ba. Kuɗin mota kaɗai naira 800 ne zuwa da dawowa. In yini a masallaci ko a bencin mai shayi, da yamma in dawo kamar wanda ya gaji da aiki. Na ci bashi a wurin mutum uku, da kuma wata manhajar ba da rance ta waya. Barci ya ƙaurace min, kaina yana yawan ciwo, abu kaɗan sai in hau faɗa. Makon jiya babban ɗana ya tambaye ni kuɗin littafi na kwaɗa masa mari, abin da ban taɓa yi ba. Mahaifiyata da ƙannena har yanzu kallon ma'aikacin kamfani suke yi min. Duk wanda na fara yi wa ƙorafi sai ya ce in gode wa Allah, wasu ko kwana ɗayan ba su da shi. Shin butulci nake yi? In ajiye aikin ne ko in ci gaba da jira?

Daga wani magidanci a Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena.

Ba butulci kake yi ba. Na fara da wannan ne domin na ga ita ce tambayar da ta fi ci maka rai, ta ma fi ta kuɗin. Mutum yana iya gode wa Allah da zuciya ɗaya, kuma ya ce ƙafarsa na ciwo. Annabi Yaƙub, da duk haƙurinsa, ya ce yana kai ƙarar baƙin cikinsa da damuwarsa ga Allah, ba a kuwa kira shi mai butulci ba. Masu ce maka ka gode wa Allah yawancinsu da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma abin da maganar take yi shi ne ta rufe maka baki, ka koma gida da kayanka a ka kamar yadda ka fito da su.

Kuma akwai abin da ba su lura da shi ba. Wanda aka sallama daga aiki, kowa ya sani. Ana zuwa yi masa jaje, ƙanne su daina turo masa saƙon kuɗin makaranta, mai gidan haya ya ɗan ɗaga masa ƙafa, shi kuma ya san an gama, ya karkaɗe riga ya shiga nema. Kai an bar ka a tsakiya, ba ka ga tsuntsu ba ka ga tarko. Sunan ma'aikaci yana kanka da duk nauyin da yake jawowa, albashin ma'aikaci kuwa ya tafi. Ga shi ba ka da ikon yi wa kowa alkawarin gobe, tunda sai dare ya yi za ka san ko goben taka ce ko ta kamfani. A duk wasiƙarka, wannan saƙon WhatsApp na dare shi ya fi tsaya min a rai. Mutumin da yake kwanciya da waya a hannu yana jiran ya ga sunansa, yaya za a yi barci ya zo masa?

Ina so ka raba abin da ya same ka da abin da ka jawo. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024, kuma ka fi ni sanin cewa safayar injinku da yawancin kayan haɗinku da dala ake shigo da su. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda aka ce za a riƙa ba su wuta aƙalla awa 20 a rana, fiye da sau uku, ya kai naira 225 kowane yunit, rukunin da masana'antu da yawa suke ciki. A ɗaya ɓangaren kuma, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, ta abinci ma ta taɓa kashi 40. Uwar gidan da kuɗin cefanenta ba ya kaiwa ba za ta sayi sabon bokiti ko baho ba, sai dai ta kai tsohon a liƙe mata. Daga nan kayan kamfani suka taru a sito, daga sito abin ya gangaro kan kwanakinka. Babu inda ragwancinka ko ƙarancin iyawarka ya shigo cikin wannan lissafi.

Abin da yake ƙona min rai shi ne, irinku ko a takarda ba a cika ganinku ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 marasa aikin yi sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. Da ta sauya ma'auni a 2023 sai adadin ya koma 4.1, domin a sabon ma'aunin duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako mai aiki ne. Ku an ware muku wani layi daban, na masu yin ƙasa da awa 40 a mako alhali suna son ƙari, aka ce kun kai wajen kashi 12. Layin nan ba shi ake karantawa a labaran rediyo ba. Don haka idan kana jin kamar kai kaɗai ne, ka leƙa masallacin da kake yini, ka dubi masu zama bayan walaha da takalmin aiki a ƙafa. Na tabbata ba kai kaɗai ne mai kular abinci a gefe ba.

Akwai wani bincike da nake yawan tunawa idan irin wasiƙarka ta zo. A wani ƙauye mai suna Marienthal a ƙasar Ostiriya, masaƙar da kusan duk garin ya dogara da ita ta rufe a wajen 1930, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe. Wata mai bincike, Marie Jahoda, da abokan aikinta suka je suka zauna da mutanen, suka fitar da abin da suka gani a 1933. Mutum zai yi zaton mutanen da suka sami lokaci mai yawa za su yi karatu, su shiga harkokin gari. Sai suka tarar aron littafi a laburaren garin ya ragu sosai, duk da an cire kuɗin aro. Har tafiyar mazan suka auna a kan titi, suka ga sun rage sauri, suna tafe suna tsayawa ba gaira ba dalili. Idan aka ce mutum ya rubuta abin da ya yi tsakanin safe da azahar, sai ya rasa abin rubutawa. Matan garin kuwa, da yake girki da wanki da yara ba su bar su ba, yininsu bai watse haka ba. Daga baya Jahoda ta yi bayanin cewa aiki yana ba mutum abubuwan da ba a rubuta su a takardar albashi: yana yanka masa yini gida-gida, yana haɗa shi da mutanen da ba 'yan gidansu ba, yana sa shi cikin wani abu da ya fi shi girma, yana ba shi sunan da ake kiransa da shi a gari, yana kuma tilasta masa motsi. Mutanen Marienthal aikin gaba ɗaya suka rasa. Kai rabinsa ka rasa, amma ka duba da kyau, waɗannan abubuwan kusan duk sun zube, saura sunan kawai, shi ne kake biyan naira 800 kullum don ka riƙe.

An kuma yi wani binciken a Ostireliya da aka fitar a 2011, inda aka bi dubban mutane shekara da shekaru. Aka gano cewa aiki marar tabbas, wanda mutum ba shi da ta cewa a cikinsa kuma yake ganin ba a biyansa daidai, ba ya fin zaman banza amfani ga lafiyar ƙwaƙwalwa, wani lokaci ma ya fi shi illa. Mu a nan mukan ce da babu gara ba daɗi, kuma ta fuskar tukunya gaskiya ne, 45,000 ta fi babu nesa ba kusa ba. Ta fuskar zuciya kuwa, ciwon kanka da rashin barcinka suna da dalili, ba shagwaɓa ba ce.

Ni na ga wannan abu da idona tun ina saurayi. Ina da kawu da ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna, lokacin da jiniyar canjin aiki take tashin unguwa, kekuna su cika titi kamar an buɗe dam. Da abubuwa suka fara lalacewa, kafin a kai ga rufe ƙofa, sai da aka daɗe ana yi musu irin naku: yau a shiga, gobe a ce babu auduga, jibi a ce babu baƙin mai. Kawu bai taɓa faɗa wa matarsa ba. Kowace asuba sai ya goge kekensa da tsumma har wayoyin ƙafa, ya ɗaura kwanon abincinsa a baya, ya fita. Wata rana an aike ni kasuwa na hango shi a gindin wata dalbejiya kusa da layin dogo, ya jingine keken, ya buɗe kwanon a cinyarsa, bai ci ba, yana kallon ƙasa. Na ɓuya don kada ya gan ni. Da maganar ta fito daga baya, abin da matarsa ta ce shi ne ta fi wata huɗu da sani, domin rigar aikinsa ta daina dawowa da ƙurar auduga. Ta yi shiru ne don kada ta kunyata shi, shi kuma ya yi shiru don kada ya tayar mata da hankali. Wata huɗu suna kwana ɗaki ɗaya, kowa yana dakon abu ɗaya shi kaɗai. Zuwa lokacin hawan jini ya riga ya kama shi.

Saboda haka abu na farko, kafin maganar ajiye aiki ko neman wani, ka faɗa wa matarka. A wannan makon. Ina kyautata zaton ta riga ta san wani abu, labarin zuciya a tambayi fuska, kuma macen da take wanke kayan aikinka shekara tara ta san ƙamshin ranar da ka tsaya a gaban inji. Abin da ba ta sani ba shi ne dalili, kuma zuciya idan ba a ba ta dalili ba takan ƙirƙiro nata. Tana ganin cefane ya ragu, miji ya daina hira, yana ɓoye waya, yana tashi tsakar dare. Me kake tsammani za ta kawo a ranta? Wata za ta ce aure zai ƙara, wata ta ce ya daina sonta. Gaskiyar da kake jin tsoron faɗa ta fi waɗannan sauƙi a wurinta.

Ka zaɓi lokacin da yara suka yi barci. Kada ka fara da doguwar shimfiɗa, ka ce mata: wance, akwai abin da na ɓoye miki wata bakwai, kunya ce ta hana ni faɗa, ki yafe min. Sannan ka faɗi lambobin yadda suke, abin da yake shigowa, abin da ake binka, da sunan masu binka. Za ta iya yin kuka, za ta iya jin haushin ɓoyewar fiye da na kuɗin, kuma tana da gaskiya, ka bar ta ta faɗi nata. Bayan nan ku ɗauko takarda ku rubuta abin da gidan yake ci a wata. Mata sun fi mu sanin inda kuɗin gida yake zurarewa da inda za a iya tsuke shi. Ka tuna kuma Allah da Ya ɗora maka ciyarwa, a Suratuɗ Ɗalaƙ cewa Ya yi mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arzikinsa ya ciyar daga abin da Allah Ya ba shi. Ba a ɗora maka ciyarwar 95,000 da albashin 45,000 ba. Idan kuma tana da 'yar sana'a ta ce za ta sa hannu, kada girman kai ya sa ka ƙi. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud mai aikin hannu ce, mijinta ba mai wadata ba ne, ta aika aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko za ta iya ba mijinta da marayun da take riƙo sadakarta, aka ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Amma abin da ta bayar kyautatawa ce daga dukiyarta, ka karɓa da godiya, kada ya zama kamar haraji.

Ranar da ka faɗa mata, fitar banza ta ƙare. Yi lissafi: idan kwana goma sha uku ko sha huɗu kake fita a wata ba tare da an kira ka ba, sama da naira 10,000 ke nan kake ba mai adaidaita, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kake samu. Kuɗin littafin da ya jawo marin nan yana cikinsu.

Mahaifiya kuma ka je da kanka, kada ka yi ta waya. Uwa ba ta raina ɗanta don samunsa ya ragu, addu'a za ta ƙara. Ka ci gaba da kai mata abin da ya samu ko yaya yake, kada ka yanke. Ƙanne kuwa ka gaya musu kai tsaye cewa daga yanzu zuwa wani lokaci ba za ka iya ba, waɗanda suka isa nema su fara.

Bashin manhajar nan shi za ka fara kashewa, ko da za a sayar da wani abu a gida. Ruwan da suke ɗorawa yana ninkuwa cikin makonni, ga haramcin riba, kuma da yawansu idan aka makara sukan bi lambobin da ke wayar mutum suna tura saƙon tozarci. Ka ga asirin da kake ta rufewa zai iya tonuwa ta hanyar da ta fi kowace muni, surukinka ya tashi da saƙon cewa kai maci amana ne. Kada ka ci na wata manhajar don ka biya wannan. Mutum ukun nan kuwa, ka je ka same su tun kafin su neme ka, ka faɗa musu halin da ake ciki, ka yanka wa kowa abin da za ka iya duk wata ko dubu biyu ce. Mai bin bashi ya fi jin zafin a riƙa kauce masa a hanya fiye da jinkiri, kuma yawancin mutanenmu sun san ayar da ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa zuwa lokacin sauƙi.

Yanzu maganar aikin. Kada ka ajiye shi cikin fushi, ba a sakin reshe a kama ganye. Akwai kuma dalili na doka. Idan kamfani ne ya rage ma'aikata, Dokar Ƙwadago ta ɗora masa sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilansu da tattauna abin sallama, kuma ƙa'idar ita ce na baya-bayan shigowa su fara fita. Shekara tara ba wasa ba ce. Wanda ya rubuta takardar ajiye aiki da hannunsa yakan sauƙaƙa wa kamfani wannan nauyi. Ka nemo takardar ɗaukarka aiki, wadda doka ta ce a ba ma'aikaci cikin wata uku da farawa, ka karanta abin da ta ce game da albashi, na wata ne ko na kwana. Dokar ta kuma yi magana a kan ma'aikacin da ya zo a shirye aka kasa ba shi aiki, sai dai ta fi shafar masu aikin ƙarfi da akawu, don haka ka kai takardarka ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke Kano a duba maka ajin da kake ciki. Tambaya ba faɗa ba ce. Ka kuma duba asusun fanshonka. Doka ta 2014 ta ce a cire kashi 8 daga albashinka, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba. Ka tabbatar ana zubawa, domin idan ta kai ga rabuwa, wanda ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba yana iya cirar kashi 25 na abin da ya tara.

Amma abin da na fi so ka nema a wurinsu ba ya cin kamfani ko kwabo: tsayayyun ranaku. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, waɗanda aka san ku da riƙon aiki, ku sami shugaban sashenku cikin ladabi. Ku ce mun fahimci halin kasuwa, ba ƙarin kuɗi muka zo nema ba, roƙonmu a fitar da jadawalin mako tun ranar Asabar, ko a raba mu rukuni biyu kowa ya san kwanakinsa. Idan ka san Litinin zuwa Laraba na kamfani ne, to Alhamis zuwa Asabar sun zama naka, kana iya cewa mutum zan zo maka jibi ka kuma je. Idan sun ƙi, kai ka yanke wa kanka: ranar da ba ka ga sunanka ba zuwa ƙarfe tara na dare, ka kashe datar, goben taka ce.

Kwanakin nan kuwa kana da abin zuba musu, domin lantarki ka karanta. Tsadar wuta da ta fetur da suka rage muku aiki su ne suka sa masu shaguna, makarantu, masallatai da gidaje suke komawa sola. Wanda ya shekara tara yana lallaɓa injin masana'anta ba zai kasa haɗa faranti da batir da inbata ba, abin da yake buƙata ya ga yadda ake auna lodin gida da yadda ake yi wa mai aiki farashi. Ka nemi wani mai wannan sana'a da ya kafu, ka ce zan riƙa binka kwana uku a mako. Wataƙila ya girme ka, wataƙila yaro ne da bai kai ka karatu ba, kuma da farko abin da zai ba ka ba zai wuce na mota da abinci ba. Ka bi shi. Ga wayarin sababbin gidaje, ga injinan niƙa da na jan ruwan burtsatse da suke ƙonewa kullum a unguwanni. Na san abin da zai tsaya maka a wuya: a ganka a kan tsani da jakar kayan aiki bayan an saba ganinka da katin kamfani. Hadisi ya ce mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri a kan ya roƙi mutane. Kai ko itacen ba a ce ka yo ba, abin da ka karanta aka ce ka yi a waje da katangar kamfani.

Ka sa wa jiran iyaka. Ni a ganina wata shida ya isa. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da kamfani ya ba ka da abin da aikin hannu ya kawo. Ranar da na hannu ya kama na kamfani wata uku a jere, ko kuma ka fara mayar da aikin mutane saboda jiran saƙon dare, to ka sami amsar tambayarka ta biyu da lissafi, ba da ɓacin rai ba. Idan kuma kasuwa ta farfaɗo aka mayar da ku kwana shida, ba ka yi asarar komai ba, ka ƙaru da sana'a. Kawuna bai sa wa nasa jiran iyaka ba, yana ta cewa wata mai zuwa za a gyara, har aka sa kwaɗo a ƙofar.

Ciwon kan nan kada ka raina shi. Ka je a auna jininka a wannan makon, ko a asibitin sha ka tafi na unguwa. Kada ka sayi maganin barci a kemis da kanka, kuma ka yi nesa da duk wanda zai miƙo maka ƙwaya ya ce tana ɗauke tunani, haka da yawa suka fara. Cacar ƙwallo ta waya ma haka, tana kama mutum ne daidai lokacin da yake da yini a buɗe da aljihu a tsuke. Ka riƙa tashi lokacin da ka saba ko babu aiki, ka yi wanka ka sa kaya, ka san abin da za ka yi kafin azahar tun daren jiya. Ka riƙe addu'ar da Annabi yake yawan yi, ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da kasawa da kasala, da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Dubi yadda ta haɗa damuwa da bashi wuri guda. Idan ka yi duk wannan, aka ɗauki makonni barci bai dawo ba, abinci ya fita ranka, abin da kake jin daɗinsa da ya daina yi maka daɗi, to ciwon damuwa ne, cuta ce kamar kowace kuma tana da magani. Akwai sashen masu duba wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Idan kuwa ka taɓa jin zuciyarka ta raya maka cewa gara ba ka duniyar, kada ka kwana da wannan tunani kai kaɗai, ka faɗa wa matarka ko wani aminin a ranar, ku tafi asibiti tare.

Saura yaron. Bai san komai game da dala ko dizal ba. Abin da ya sani shi ne ya tambayi babansa littafi aka mare shi, kuma a ransa yana neman laifin da ya yi. Idan aka bar shi haka zai koyi daina tambayarka, yau littafi, gobe abin da ya fi littafi. Ka kira shi gefe, ba a gaban ƙannensa ba, ka ce masa ba laifinsa ba ne, Baba ne yake cikin damuwar aiki, kuma bai kyauta ba. Girmanka ba zai ragu ba. Ranar farko da ba a kira ka ba bayan ka yi magana da mahaifiyarsa, ka riƙe naira 800 ɗin nan a aljihu, ka raka shi makaranta da ƙafa, ka tambaye shi sunan littafin da nawa ake sayar da shi.